FILIN LAFIYA: Ciwon damuwa da faɗuwar gaba, ina iyakar ƙwaya?

 

A wannan wata za mu yi magana a kan wani ciwo wanda ba ya sa zazzaɓi, ba ya fid da ƙurji, amma yana kwantar da ƙato. Kowa ya san shi, sai dai ba a cika kiran sunansa ba. Wani ya ce yawan tunani ne. Wani ya ce baƙin ciki ne ya ƙi wucewa. Wata ta ce gabanta ke faɗuwa ba dalili. Likitoci suna kiran na farko ciwon damuwa, na biyu kuma ciwon fargaba. Abin tambaya shi ne: ƙwayar da ake bayarwa a gidan likita saboda waɗannan, tana aiki ko ba ta yi? Tana yi. Amma tana da nata hali, kuma wanda bai san halinta ba zai yar da ita tun ba ta soma aiki ba.

Da farko mu rarrabe. Ba kowane baƙin ciki ne ciwo ba. Wanda aka yi wa rasuwa dole ya yi kuka. Wanda fari da fara suka cinye gonarsa, kamar yadda aka gani a damanar 2004 har yunwa ta biyo baya a 2005, dole barci ya ƙaurace masa. Makiyayin da ya rasa shanunsa a bazara ba ƙwaya yake nema ba. Babu ƙwayar da ke cika rumbu, babu wadda ke biyan bashi.

Ana cewa ciwo ne idan abin ya zauna wa mutum kusan kullum, har sati 2 ko fiye, ya hana shi harkarsa. Abin da ya saba jin daɗinsa duk ya fita ransa: cin kasuwa, fira a dandali, zuwa suna ko biki. Yana farkawa tun kafin asalatu, barci ya ƙi dawowa. Tuwo ba ya shiga. Ya ɗauki hauya ya ji kamar dutse ya ɗauka. Mace ta kasa daka, ta kasa kula da jinjirinta, tana kuka a ɗaka ba wanda ya taɓa ta. Mutum ya riƙa ganin ba shi da amfani ga kowa. Shi kuwa mai fargaba, zuciya ke bugawa, numfashi ya yi sama, zufa ta karyo, kullum yana jiran wani mugun labari da bai zo ba. Sau da yawa ciwon biyu tare suke tafiya.

Da yawa daga cikin masu wannan ciwo ba sa cewa ransu ne a ɓace. Sai su ce kai ke ciwo, ko tsakar ka ke zafi, ko wani abu ke yawo a jiki. Sai a yi ta sayen maganin masassara da na shawara, kuɗi su ƙare, ciwo yana nan.

Kuma ba ciwon Turawa ba ne, ba na masu kuɗi ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum wajen miliyan 280 ke da ciwon damuwa a duniya, miliyan 301 kuma ciwon fargaba. Ya fi kama mata. Cikin mata 10 masu ciki ko masu jego, ana samun fiye da ɗaya da shi. A ƙasashen talakawa, cikin masu ciwon damuwa 4, fiye da 3 ba sa samun magani ko kaɗan.

GONAR GWAJI

Kun san yadda malamin gona ke gwada taki. Yakan raba gona biyu. Iri ɗaya, shuka rana ɗaya, noma ɗaya. Ɓangare guda a sa masa takin zamani, ɗayan a bar shi haka. Da kaka sai a ƙirga damma. Ɓangaren da ba a sa wa taki ba shi ma yakan ba da hatsi, tun da ruwa ya sauka kuma an yi noma. Amfanin taki shi ne abin da ya ɗaru a kan wancan.

To haka ake gwada magani. Ana raba marasa lafiya kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya a ba su ƙwaya ta gaske. Ɗayan a ba su ƙwayar wofi, mai kama da ta gaske amma ba magani a cikinta. Mai sha bai san wadda yake sha ba, mai duba shi ma bai sani ba. Bayan sati 6 zuwa 8 sai a ƙirga.

A shekarar 2018 wasu masana, shugabansu Andrea Cipriani na jami'ar Okasfod a Ingila, suka tattara irin wannan gwaji guda 522. Mutum 116,477 ne a ciki, magani iri 21. Suka tarar kowane ɗaya daga cikin 21 ɗin ya fi ƙwayar wofi. Sai dai fifikon matsakaici ne. Wata cibiya mai auna amfanin magunguna a ƙasar Jamus ta sa lissafin a sauƙaƙe. A ɗauki mutum 100 masu ciwon damuwa wanda ya yi ƙarfi. In ƙwayar wofi suka sha, 20 zuwa 40 za su ji sauƙi. In ta gaske suka sha, 40 zuwa 60. Wato maganin ya ƙara kamar mutum 20 a cikin 100.

Wani zai ce, ashe 20 kaɗai? Ni dai ban raina 20 ba. Manomin da taki ya ƙara wa dami 20 ba ya cewa takin banza ne. In cikin 20 ɗin nan akwai mai gidan da ya koma gona, da uwar da ta koma shayar da ɗanta da fara'a, ai an samu riba. Amma lissafin yana gaya mana wani abu kuma: kusan rabin masu sha ba za su ji wani sauƙi sosai ba a karon farko. Wanda ya ce muku yana da ƙwayar da ke warkar da kowa, talla yake yi.

Me ya sa masu ƙwayar wofi ma suka ji sauƙi? Wasu dama ciwon ya kusa sakinsu, don yakan zo ya tafi. Wasu kuwa saboda an zauna an saurare su, ana tambayarsu jiki a kai a kai, sun sa rai. Wannan shi ne ruwan sama da noman da ke ƙarƙashin takin. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ƙwaya ta fi nuna amfaninta ga wanda ciwo ya danne sosai. In ciwon mai sauƙi ne, mutum yana iya fita yana ɗan aikinsa, OMS ta ce kada a fara da ƙwaya.

HALIN ƘWAYAR

Akwai magani biyu da OMS ta daɗe da sa su cikin jerin magungunan da bai kamata ƙasa ta rasa ba. Ɗaya amitiribtilin, wanda sau da yawa za ku ga an rubuta Laroxyl a kwalinsa. Tsoho ne, tun wajen 1961 ake aiki da shi, kuma a lissafin nan na 2018 yana cikin waɗanda suka fi ƙarfi. Da dare ake shan sa don yana sa barci. Yana busar da baki, yana ɗaure ciki, yana sa jiri in an miƙe da sauri. Mai ciwon zuciya bai kamata ya sha ba, tsoho kuma sai da lura. Na biyu fuluwoksetin, wanda aka fi sani da Prozac, an fara sayar da shi a Amurka bayan an amince da shi a ƙarshen 1987. Da safe aka fi shan sa. Yakan sa tashin zuciya da ciwon kai da farko, wani kuma ya rage masa sha'awar iyali. Wannan ba abin kunya ba ne a gaya wa majo, don akwai abin da zai iya yi.

Ga inda mutane da yawa ke faɗuwa. Wahalar ƙwayar ita ke fara zuwa, amfaninta yana baya. Tun kwana na biyu baki ya bushe, kai ya yi nauyi, amma rai bai yi sanyi ba. Sai mutum ya ce wannan magani bai karɓe ni ba, ya jefa shi bayan tukunya. Alhali sai an yi sati 2 zuwa 4 kafin a fara ganin canji, wani har sati 6. Ba wanda ke shuka hatsi ran Lahadi ya tafi da lauje ran Laraba. Yawanci barci ke fara gyaruwa, sannan cin abinci, sannan ƙarfin jiki. Ran mutum shi ne na ƙarshe. Sau da yawa mutanen gida su ke riga shi ganin sauƙin. Wahalar farko kuwa takan ragu da kanta bayan ƴan kwanaki.

In an yi sati 6 ana sha daidai ba a ga komai ba, ba a gama ba. A koma gidan likita. Ana iya ƙara yawansa, ana iya canza wani. A wani babban bincike da aka yi a Amurka da mutum wajen 4,000, wanda aka bayyana a 2006, kamar mutum 1 cikin 3 ne ya warke sarai da maganin farko. Cikin sauran, wasu sun samu lafiya da aka canza musu ko aka haɗa da wani.

Kuskure na biyu shi ne dainawa da an ji sauƙi. Ciwon nan kamar ƙuduji yake a gona: an tuge na sama, irinsa yana cikin ƙasa. A 2003 an tattara gwaji 31 na mutanen da suka riga suka ji sauƙi. Cikin waɗanda aka mayar kan ƙwayar wofi, 41 cikin 100 ciwon ya dawo musu. Cikin waɗanda suka ci gaba da magani, 18 ne kawai. Shi ya sa OMS, a ƙa'idojinta na 2016, ta ce a ci gaba da sha wata 9 zuwa 12 bayan an warware. Wannan magana ce ta kuɗi da ta tafiya, na sani. Mai zuwa daga ruga ko daga ƙauyen da ke nesa da hanya, kowane zuwa sai ya biya kabu-kabu ya bar aiki. Gara tun farko mai gida ya san tafiyar ta shekara ce, ya ware mata wani abu da kaka lokacin da wake da gyaɗa ke hannu. Mai tafiya cin rani ko mai bin dabbobi arewa da damana, ya gaya wa majo kafin ya tashi, a san yadda za a yi kada maganin ya yanke.

Ranar dainawa kuma ba a yanke shi dare ɗaya. Ana ragewa kaɗan kaɗan. In an yanke gaba ɗaya wani yakan ji jiri, rashin barci, da saurin fushi.

ƘWAYAR KASUWA

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Kowace ranar kasuwa akwai mai tire ko mai keke da ƙwayoyi jajaye da koraye, rana tana dukansu. Ka ce masa ba ka barci, ya ba ka diyazefam, wanda aka sani da Valium. Ka ce jiki ba ƙarfi, ya ba ka taramol. Su waɗannan a daren nan za ka ji aikinsu. Shi ya sa mutane suka fi yarda da su a kan ta gidan likita mai nawa.

Diyazefam yana kwantar da fargaba na ƴan awoyi, gaskiya ne. Amma ba ya taɓa ciwon damuwa. In aka yi ƴan satuttuka ana sha kullum, jiki yakan saba. Guda ɗaya ta daina isa, sai biyu, sai uku. Ranar da babu, fargabar ta dawo ta fi ta da, hannu yana rawa, wani har ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. A ƙa'idojin da ta sabunta a 2023, OMS ta ce kada a riƙa yi wa mai ciwon fargaba magani da irin wannan ƙwaya, sai dai in abin ya yi tsanani ƙwarai, na kwana 3 zuwa 7 kawai. Abin da ta ce a ba shi su ne dangin fuluwoksetin, da kuma magani na zama a yi magana. Mai fargaba ya sani, a satin farko ko na biyu gaban nasa yana iya ƙara faɗuwa kafin ya lafa. Don haka ake fara masa da kaɗan.

Taramol kuwa maganin ciwo mai tsanani ne, ba na gajiya ba, ba na tunani ba. Kun ga abin da ya yi wa samari masu ƙwadago da masu kabu-kabu, ba sai na faɗa ba. Haɗa shi da maganin damuwa haɗari ne babba, yana iya kawo farfaɗiya. Mai shan sa ya faɗa wa majo gaskiya tun farko. Kuma wanda ya riga ya saba da ɗaya daga cikin biyun nan kada ya yanke da kansa, ya nemi a taimake shi ya sauka a hankali.

Maganin damuwa na gaske ba ya sa maye. Ba ya sa mutum ƙishirwar ƙari. Ba wanda ke sayar da akuyarsa don ya sami Prozac ya yi nishaɗi.

ZAMA A YI MAGANA

Mu koma kan ruwan sama da noma. A ƙasar Zimbabuwe, mutanen Shona suna kiran wannan ciwo da kalmar da ke nufin yawan tunani, daidai da yadda muke cewa. Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a can, kamar yadda suke kaɗan a Nijar. Wani lokotoro mai suna Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata yadda za su zauna a kan benci a harabar gidan likita su saurari mai damuwa. Ba wa'azi suke yi masa ba, ba faɗa ba. Suna taimakonsa ya jera matsalolinsa, ya zaɓi guda ɗaya wadda za a iya taɓawa, ya yanke abin da zai yi a kanta kafin zama na gaba. Zama 6 ke nan. Aka gwada da mutum 573 a birnin Harare, aka bayyana sakamako a 2016. Bayan wata 6, cikin waɗanda suka zauna a benci, wajen 14 cikin 100 ne ke da sauran alamun ciwon damuwa. Cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba, wajen 50 ne.

Tsofaffi masu riƙe sirri ba mu rasa su ba a Korgom. Abin da ya rage shi ne mu daina ce wa mai wannan ciwo ya cika raki, ko imaninsa ne ya yi rauni. Mai hawan jini ba a ce masa haka. A ja shi a hankali ya koma ɗan aiki: yau ya ba akuya dusa, gobe ya raka yaro rijiya, jibi ya zauna a majalisa ko bai ce komai ba. Likitoci sun gwada wannan ma, sun ga motsa jiki da komawa cikin mutane magani ne. Ga wanda ciwo ya danne, haɗa ƙwaya da irin wannan kulawa ya fi ɗaya ita kaɗai.

Addu'a da zuwa wurin malam ba sa faɗa da ƙwaya. Sai dai in an ba da sassaƙe ko jiƙo, a gaya wa majo. Duka da ɗaure mutum da mari kuwa ba su taɓa warkar da kowa ba. Mai azumi ya tambayi majo lokacin sha, tun da yawanci sau ɗaya ne a yini.

Akwai waɗanda sai an yi hattara da su. Yaro ɗan ƙasa da shekara 12 ba a ba shi. Saurayi ko budurwa da suka fara sha, a sa musu ido sosai a satuttukan farko, don wasu tunaninsu yakan ƙara muni kafin ya gyaru. Mai ciki da mai shayarwa su faɗa. Wanda ya taɓa yin kwanaki ba barci ba gajiya, yana surutu ba tsayawa, yana rabar da dukiyarsa, nasa ciwon daban ne, kuma wannan ƙwaya ita kaɗai tana iya tayar masa da shi. Ƙarancin jini da ciwon maƙoƙo su ma suna kawo kasala mai kama da damuwa, shi ya sa ake duba jiki tukuna.

In kuwa mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, kada a ce wasa yake yi. A tambaye shi kai tsaye, tambaya ba ta sa shi aikatawa. Kada a bar shi shi kaɗai. A fitar da maganin ƙwari na gona da na ajiyar wake daga gidan, a kai wurin wani. A kai shi gidan likita a ranar, ba gobe ba. Shi kansa amitiribtilin in an sha da yawa yana kisa, don haka wani babba a gida ya riƙe shi, ya riƙa ba da na kowane dare, a kuma ɓoye shi daga yara.

Mai zuwa gidan likita ya tafi da ɗan'uwa wanda ya san yadda abin ya faro. Ya ɗauki duk kwalaye da ledojin magungunan da ya sha, har na kasuwa. Kada ya tsaya kan ciwon kai kaɗai. Ya faɗi maganar barci, da kuka, da tunani, da tun yaushe. In abin ya fi ƙarfin majo, zai rubuta takarda zuwa asibitin Tasawa ko na Mayahi, daga can kuma Maraɗi in ta kama. Kafin ku fito ku tambayi abu uku: sunan maganin, lokacin sha, da ranar dawowa. Wanda ya yi yaƙi da jahilci ya rubuta su da hannunsa a bayan katin.